Daga wane littafi zan fara karatu kan lafiyar ƙwaƙwalwa?

Malamar Kimiyya, Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a nan Gombe, kuma ofishin ba ɗalibai shawara yana hannuna yanzu. Ina so in yi karatu mai tushe kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ba guntayen bidiyon da ake turowa a WhatsApp ba. Mene ne bambanci tsakanin ilimin halayyar ɗan'adam da likitancin ƙwaƙwalwa, kuma wanne ya fi kusa da aikina? Wane littafi ya kamata in fara da shi? An ce in nemi DSM-5, littafin da likitoci ke tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da shi, shin ya dace da mai farawa? Ina karanta Turanci ba matsala, amma ban taɓa aikin asibiti ba, kuma zan fi son abin da zan iya saukewa a waya ba tare da biyan kuɗi ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Likitan Ƙwaƙwalwa, Bauchi

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya taya ki riƙo.

Ki ajiye DSM-5 tukuna. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta fitar da shi a 2013, aka yi masa kwaskwarima a 2022, kuma an rubuta shi ne domin wanda ya riga ya zauna da marasa lafiya da yawa. Galibinsa jerin alamomi ne, ba ya koya miki yadda ake magana da mutum ko abin da za a yi masa. Wanda ya karanta shi ba horo zai ga kansa da rabin danginsa a ciki, saboda rashin barci da kasala da rashin natsuwa babu wanda ba ya samun su. Abin da ke mai da alama ta zama ciwo shi ne tsawon lokacin da ta ɗauka, da tsananinta, da ko ta hana mutum karatu, aiki ko zama da jama'a. Asibitocinmu ma sun fi dogara da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, kuma shi ma ba littafin koyo ba ne.

Batun bambanci. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne kamar sauran: shekara 6 a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan shekarun ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Shi ke neman gwajin jini, ya rubuta magani, ya kwantar da mara lafiya in ta kama. Masanin halayyar ɗan'adam ya karanci yadda mutum ke tunani da koyo da tunawa da ji, lafiyayye ne ko mara lafiya. Wanda ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti yana yin gwaje-gwajen hankali da jinya ta hanyar zama da tattaunawa, amma a Najeriya ba ya rubuta magani. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Ke nan yawancin masu ciwon ba da likita suke fara haɗuwa ba, da malamar makaranta ne, ko liman, ko mai kemis. Aikinki shi ne ki gane, ki saurara, ki san wanda za a kai asibiti yau da wanda zai iya jira zuwa Litinin. Duk karatun da za ki yi, da wannan za ki auna amfaninsa.

Littafin farko shi ne jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP Intervention Guide. Ya fito a 2010, bugu na biyu a 2016, kyauta ne a shafin hukumar, kuma domin waɗanda ba ƙwararru ba aka rubuta shi. Akwai babi kan ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, matsalolin yara da matasa, cutar mantuwa ta tsufa, shaye-shaye, da cutar da kai. Kada ki bi shi daga bango zuwa bango. Ki fara da sashen farko na ƙa'idojin mu'amala da mara lafiya, sai jadawalin da ya tattara alamomin duka wuri ɗaya, wannan ki buga shi a takarda ki ajiye a ofis. Daga nan babin damuwa, na cutar da kai, na matasa. Shafukan adadin magani ba naki ba ne, ki leƙa don ki san sunayen kawai. Na biyu shi ne Where There Is No Psychiatrist na Vikram Patel, wanda ya fito a 2003, aka sake shi a 2018 tare da Charlotte Hanlon, kuma bugu na biyun ana sauke shi kyauta. An tsara shi bisa abin da ake zuwa da shi: wanda ya ruɗe, wanda ba ya barci, wanda ke kukan ciwon jiki an duba ba a ga komai ba. Haka mutane suke zuwa, shi ya sa ya fi sauƙin amfani.

Abin da nake so ki fara ƙwarewa a kai, gaban damuwa da komai, shi ne ruɗewar da ciwon jiki ke kawowa, domin ita ke kisa da sauri kuma ita aka fi yi wa kallon hauka. Yarinya tana lafiya jiya, yau ba ta san inda take ba, ba ta san safiya ce ko yamma ba, tana sambatu, ta ɗan dawo hayyacinta ta sake ɓacewa, abin ya fi tsanani da dare. In da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinta, to ƙwaƙwalwar ce ke shan wahala daga wani ciwo: maleriya da ta taɓa kai, sanƙarau musamman a watannin zafi, taifot, faɗuwar sukari, buguwa a kai, ko wani abu da aka sha. Wannan ta sashen gaggawa ce a cikin sa'ar. Kuskuren da ake yi shi ne a ba ta maganin barci don ta natsu, ko a kwana ana jiran gari ya waye, alhali ciwon yana ci gaba a ƙarƙashin shirun.

Sauran cututtukan kowanne da ma'aunin lokacinsa. Ciwon damuwa sai an kai mako 2 mutum na cikin ƙunci kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so, tare da sauyin barci da cin abinci, gajiya, ganin bai da amfani. A wajenmu da wuya a ce "ina baƙin ciki". Ciwon kai za a ce, faɗuwar gaba, zafi a tsakiyar kai, abu na yawo a jiki, sai a yi ta maganin maleriya da taifot wata da watanni. Duk mai damuwa kuma ana tambayar ko ya taɓa yin mako guda ko fiye yana barcin sa'a 2 ko 3 ba ya gajiya, yana magana ba tsayawa, yana kyauta ko kashe kuɗi ba lissafi, yana jin shi wani babba ne. In ya taɓa, ciwon baifola ake tunani, wato mai kai mutum hawa da sauka tsakanin ƙunci da zumuɗi mai yawa, kuma tambayar tana da nauyi saboda maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da wancan hawan. Sikizofireniya tana samun kusan mutum 1 cikin 300, ta fi farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Alamunta jin muryoyin da babu masu su, yarda da abin da ba haka ba kuma hujja ba ta kawar da shi, magana ba kan gado, janyewa daga mutane da barin wanka. Janyewar kan riga muryoyin zuwa da watanni, kuma a nan malama ta fi likita damar gani.

Masaniyar Halayyar Ɗan'adam, Gombe

Sannu da ƙoƙari Malama. Na yarda da tsarin Dakta, sai dai ina da ƙari a kan jerin. Wadda ke aiki da 'yan shekara 12 zuwa 18 tana bukatar sanin yadda lafiyayyar matashiya take, in ba haka ba za ta ɗauki balaga a matsayin ciwo, ko ta ɗauki ciwo a matsayin rashin kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Sauran 6 ɗin ma suna kuka, suna fushi, suna ƙin magana wani lokaci.

Don haka ki haɗa da Psychology 2e na OpenStax, wanda Jami'ar Rice ta Amurka ke bayarwa kyauta. Babi 16 ne. Ki karanta na hanyoyin bincike, na koyo, na tunawa, na matakan girma, na matsin rayuwa, sannan biyun ƙarshe kan cututtuka da jinya. Babin bincike zai yi miki kamar bushe, amma shi zai koya miki cewa abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗaya, kuma da wannan za ki tace rabin abin da ake yaɗawa a TikTok. Misalan littafin na Amurka ne, inda matashi ke da ɗakinsa shi kaɗai kuma ake auna girma da barin gidan iyaye. Ki ɗauki ƙa'idar, ki gwada ta da rayuwar gidajenmu. Freud kuwa, tsohon likitan nan na Austriya da ra'ayoyinsa suka yi suna a fannin, ki karanta shi a matsayin tarihi.

Babin koyo ya fi kowanne amfani a ofishinki, ga dalili. Ɗaliba ta samu firgita a taron safe: zuciya na bugu, numfashi na sama-sama, yatsu da leɓe na tsitsitsi, jiri, tana jin mutuwa za ta yi. Irin wannan kan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka. Tsitsitsin da jirin daga saurin numfashi suke, domin yana rage iskar kabon da ke cikin jini. Washegari sai ta ƙi zuwa taron, ta ji sanyi a ranta, kuma wannan sanyin shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudu ne ya cece ta. Kowane gudu yana ƙara wa tsoron ƙarfi, har ya kai ga aji da ɗakin cin abinci. Malamar da ta ɗauke mata taron gaba ɗaya don tausayi ta taimaki ciwon ba ta sani ba. Bayan likita ya tabbatar ba asma ba ce, ba ƙarancin jini ko ciwon zuciya ba, ana koya mata numfashi a hankali daga ciki, ƙirga 3 shiga, ƙirga 3 fita, wajen numfashi 10 zuwa 12 a minti, ta riƙa gwadawa kullum lokacin da take lafiya. Sannan ta koma taron mataki-mataki: bayan layi na 'yan mintuna, sai tsakiya, sai taron duka, ba a wucewa gaba sai tsoron matakin da ake kai ya ragu. Za ki samu wannan numfashin da hanyar warware matsala dalla-dalla a Problem Management Plus na Hukumar Lafiya ta Duniya, na 2016, zama 5 ne na minti 90. Domin manya aka tsara shi kuma yana bukatar horo da mai duba aiki, amma karanta shi zai nuna miki yadda zama mai tsari yake.

Akwai abin da makarantun kwana na 'yan mata suka sani: ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin la'asar an samu goma. Ba ƙarya suke yi ba, kuma dukansu ko kiran su 'yan wasan kwaikwayo yana ƙara abin. Yana bi ta gani da ji ne a tsakanin waɗanda ke cikin matsi ɗaya, galibi gab da jarrabawa ko bayan wani abin tsoro. A fara da duba jiki, abinci, ruwa, da ko an fesa wani magani a ɗakin kwana. In ba a samu komai ba, a raba waɗanda abin ya taɓa, kowace a wuri mai shiru da babba ɗaya mai natsuwa, a watse 'yan kallo, a hana ɗaukar bidiyo, a faɗa wa iyaye gaskiya kafin jita-jita ta riga ku. Wadda ta fara faɗuwa ita za a fi zama da ita, domin sau da yawa ita ke ɗauke da ainihin damuwar.

Tunda a cikin al'ummar Musulmi da yawa kike aiki, ki nemi littafin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, Masalih al-Abdan wa al-Anfus. Marigayi Malik Badri na Sudan ya fassara sashensa na rai zuwa Turanci a 2013. Ya yi magana kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukowa ba dalili, na biyun ya danganta shi da jiki. Ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Wannan ya yi kusa ƙwarai da jinyar gyaran tunani da Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, ya tsara a shekarun 1960. Amfaninsa gare ki shi ne in uba ya ce wannan ilimin na Turawa ne, kina da abin nuna masa.

Za ki ci karo da takardar tambayoyi mai suna PHQ-9. Tambaya 9 ce kan mako 2 da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 5 ƙarami ne, 10 matsakaici, 15 ya fara tsanani, 20 mai tsanani. Tacewa take yi, ba ta yanke hukunci, kuma mai ƙarancin jini ko wadda ta yi rashi kwanan nan tana iya samun maki mai yawa. Tambaya ta 9 kan tunanin mutuwa ce, duk wadda ta ba ta maki ko 1 ne ana zama da ita ranar, ko jimlarta nawa. Kada ki raba takardar a aji in ba ki shirya inda za ki tura waɗanda ta nuna ba. Kuma tun zaman farko ki faɗa wa ɗaliba iyakar sirri: abin da ta faɗa yana tsakaninku, sai in ranta ko na wani na cikin haɗari, ko ana cutar da ita. In kika yi alƙawarin sirri ba iyaka sannan kika karya, ba ita kaɗai kika rasa ba, duk ɗakin kwanansu zai ji.

Nas ta Sashen Ƙwaƙwalwa, Azare

Malama barka da wannan himma. Ni kan magani zan yi magana, ba don ki ba kowa ba, sai don ɗalibar da aka sallamo daga asibiti a makarantarku za ta riƙa shan sa, kuma komawar ciwo sau da yawa daga nan take farawa.

Maganin damuwa ba ya aiki ranar da aka fara. Cikakken amfaninsa sai mako 4 zuwa 6, amma illolin su ke riga zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, bushewar baki. Mutum ya ga illa a makon farko bai ga amfani ba, sai ya ajiye. In an samu sauƙi kuma, jagoran da Dakta ya ambata ya ce a ci gaba wata 9 zuwa 12, sannan a rage a hankali cikin mako 4 ko fiye. Ba a ba wanda bai kai shekara 12 ba wannan maganin. Matashiya kuwa sai an gwada jinyar tattaunawa, in ta kama a ba ta fuluwoksetin a ƙarƙashin ƙwararre, ana ganinta duk mako a watan farko, saboda tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa a farkon. Kowane irin magani ya zauna a hannun nas ɗin makaranta, a kulle, a ba ta na rana ɗaya a gabanta.

Magungunan taɓin hankali irin su halofaridol da Largactil suna da wata illa da ya kamata kowa ya sani. A kwanakin farko, musamman ga matasa, wuya na iya murɗewa, harshe ya fito, ido ya ƙafe sama, muƙamuƙi ya riƙe, alhali tana ji tana gani. 'Yan uwa na ganin haka sai su ce aljanin ya bayyana, su zubar da maganin. Tsoka ce ta ɗaure saboda maganin, kuma a asibiti ana sake ta cikin ɗan lokaci. Maganin amai da ake kira metokulofuramaid ma yana yin haka, don haka ki tambayi abin da aka sha daga kemis. Wata illar ita ce kasa zama wuri ɗaya, ƙafa ba ta tsayawa, in aka ɗauka ciwon ne ya ƙaru aka ƙara magani sai abin ya daɗa lalacewa. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki da ruɗewa ga mai shan waɗannan magungunan kuwa gaggawa ce. Artane ko Exol da ake bayarwa don rawar jiki 'yan shaye-shaye na nemansa, a riƙa ƙirga ƙwayoyin. Bayan tashin farko na taɓin hankali ana ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan alamomi sun tafi, kuma wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya akwai allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 4.

Farfaɗiya: a kwantar da ita ta gefe, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a duba agogo. Ba a sa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, ba a danne ta, kuma yawunta ba ya sa wa kowa ciwon. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake kafin ta farfaɗo, sai asibiti. Tsallake magani da rashin barci su suka fi tayar da ita. Wadda ta fara maganin farfaɗiya na Tegretol ta ga ƙuraje da zazzaɓi ko gyambo a baki ta koma wurin likita ranar. Balfurowet, shi ma maganin farfaɗiya ne, yana illa ga ɗan tayi, don haka duk mai shan sa da ake maganar aurenta, likita ya sani tun kafin biki. Tiramadol ma yana kawo jijjiga ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba, kuma haɗa shi da maganin damuwa haɗari ne. Kada ki ce makarantar mata ce babu wannan. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma 1 cikin 4 na masu shan mace ce.

Kafin azumi mai shan magani ya ga likita a gyara masa lokutan sha. Mai shan litiyam, maganin ciwon baifola, ya fi kowa bukatar haka, domin ƙarancin ruwa a jiki a zafin nan namu yana sa maganin ya taru a jini har ya zama guba.

In matan unguwa suka ji kina wannan karatun za su zo miki da maganar jego. Kuka da saurin fushi a kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa yana wucewa kafin mako 2. In ya zarce haka, a duba ciwon damuwa. Maijegon da ta daina barci gaba ɗaya, tana sambatu, tana zargin za a sace jaririn ko tana ƙin sa, wannan yana samun 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, kuma ba a jira a yi arba'in. A kai ta ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Malamar Kimiyya, Gombe

Dakta, Anti, Sista, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na sauke mhGAP ɗin. Abu biyu suka rage mini. In iyaye suka ce aljanu ne ko sammu, ruƙiyya kawai za su yi, yaya zan yi magana da su ba tare da na zama kamar ina ƙaryata addini ba? Sannan in yarinya ta ce ta gaji da rayuwa, in tambaye ta kai tsaye ko yin haka zai sa mata tunanin?

Likitan Ƙwaƙwalwa, Bauchi

Malama, kada ki yi gardama da iyaye kan dalilin ciwo. Ba za ki ci ba, kuma ba shi ake bukata ba. Abin da ake bukata shi ne yarinyar ta ga likita. Ki ce musu addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa hana zuwa asibiti, a yi duka biyun a mako ɗaya, kuma neman magani abu ne da addini ya yi umarni da shi. Malamai da yawa da kansu suke cewa a kai asibiti, in kika samu irin wannan malamin a unguwarsu ya fi ki iya shawo kan uban. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mara lafiya ke zama da ɗan uwansa a gidajen ƙauye yana zuwa asibiti, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Inda za ki tsaya ki ce a'a shi ne duka, ɗauri da mari, turara hayaƙi mai shaƙe numfashi, hana abinci ko ruwa, da cewa a daina maganin asibiti. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan da ake tsare da su da sunan gyaran hali, wasu da sarƙa a ƙafa, bai kamata a sake kai ɗan kowa irinsa ba. Ki karanta dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta yi magana kan haƙƙin mara lafiya, neman yardarsa, da sharuɗɗan kwantar da wanda ya ƙi.

Jinkiri yana da farashi, ki faɗa musu wannan ma. A taɓin hankali, gwargwadon daɗewar mutum ba magani, gwargwadon wahalar komawarsa yadda yake a da.

Tambaya ta biyu: ki tambaya kai tsaye. Tambayar ba ta dasa tunanin, yawanci sauƙi take kawowa ga wadda ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai. A wuri mai sirri, da murya mai taushi, ki fara da "na ga kina cikin wahala", sannan ki ce "kin taɓa tunanin kashe kanki?" In ta ce e, ki tambayi ko ta tsara yadda za ta yi, ko abin yana inda hannunta zai kai, ko ta taɓa gwadawa a baya, domin gwajin baya shi ne babbar alamar haɗari. Kada ki fara da wa'azin wuta. Ta san hukuncin, kuma jin tana da zunubi yana cikin abin da ke danne ta. In kika fara da shi za ta yi shiru ne kawai. In akwai shiri, ko ta gwada kwanan nan, ko tana cikin ruɗewa, ba a barinta ita kaɗai ko na minti biyar, a kira wanda ta yarda da shi a gida, a tafi asibiti ranar. A makaranta da gida a kulle magungunan ƙwari da na ɓera da na feshin gona da duk ƙwayoyin asibiti, domin sau da yawa ƙarfin tunanin na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa ba sai lokacin ya wuce tana raye. In an riga an sha wani abu, kada a sa ta amai, kada a ɗura mata manja ko madara, yana iya shiga huhu. A kwantar da ita ta gefe, a ɗauki kwalbar ko takardar a tafi da ita. Bayan sallama kuma watanni 2 na farko su suka fi bukatar ido, ki riƙa ganinta aƙalla duk mako.

Wurin kaiwa: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi suna ganin masu ciwon ƙwaƙwalwa, sannan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa ta Kaduna. Ki je tun yanzu ki tambayi ranakun da suke ganin marasa lafiya da yadda ake yankar kati, ki rubuta ki manna kusa da jadawalin nan. Ranar zuwa a tafi da wanda ya ga farkon abin da idonsa, da duk kwalayen magungunan da ta sha har na gargajiya, da 'yar takarda daga gare ki mai ɗauke da ranar da kika fara ganin sauyi, yadda barcinta da cin abincinta suke, da yadda makinta ya kasance a zangon da ya wuce.